KO KIMIYYA ZA TA IYA HANA ƊAN ADAM MUTUWA?

  

Darasinmu na wannan fitowa ya ɗan sha bamban da waɗanda muka saba kawo muku. Tambaya ce da ta yawaita a bakin jama'a tun da wayar hannu ta shiga kowane gida, ake ta tura labarai cewa wai Turawa sun kusa gano maganin tsufa, wai nan da 'yan shekaru mai kuɗi ba zai mutu ba sai ya ga dama. Wani zai ce ina ruwan takardar asibiti da irin wannan zance? Da ruwanta, domin a bayan wannan labari akwai masu talla, kuma muna ganin majinyatan da ke ajiye maganin hawan jininsu, su kwashi kuɗin cefane su sayi kwalbar “maganin tsawon rai”. Maganar ajali da abin da ke bayansa fage ne na malamai, kowa kuma ya san abin da aka karantar da shi. Namu a nan shi ne mu duba jikin ɗan Adam kamar yadda masu bincike suka gan shi, mu ga iya inda aka kai.

Abin da aka riga aka samu

A wajejen shekarar 1900, matsakaicin shekarun da ake sa ran jariri zai yi a duniya bai wuce 32 ba. A shekarar 2023 ya kai kimanin 73. Mai karatu zai iya ɗauka cewa mutanen da ba sa tsufa ne, suna kai talatin sai su faɗi. Ba haka ba ne. A da ma akwai tsofaffi masu shekara saba'in da tamanin, yawan mutuwar yara ne ke jawo lissafin ƙasa. Ga misali: a ce an haifi yara 10 a unguwa ɗaya, 3 suka rasu suna da shekara 2, sauran 7 kuma kowanne ya kai 70. In aka haɗa shekarunsu aka raba goma, abin da za a samu bai cika 50 ba, alhali mafi yawansu sun ga jikokinsu.

Saboda haka yawancin shekarun da aka samu ƙari, daga ceton yara da mata masu haihuwa aka same su. Ruwan sha mai tsabta, wanke hannu kafin karɓar haihuwa, allurar rigakafi, ƙarin jini, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin da Alexander Fleming ya gano a 1928, su ne suka yi wannan aiki. Kafin a fara yi wa mutane allurar insulin a ƙasar Kanada a 1922, yaron da ciwon suga ya kama ba ya daɗewa. Cutar agana da ta bar wa kakanninmu zane a fuska ta makantar da wasu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar kawar da ita daga doron ƙasa a 1980. A watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar shan inna ta daji ta ƙaura daga nahiyar Afirka.

To amma akwai wani lissafi na biyu wanda bai motsa ba, wato iyakar shekarun da ɗan Adam ke kaiwa. Wadda ta fi kowa daɗewa a duniya bisa takardun da aka tantance ita ce Jeanne Calment, 'yar ƙasar Faransa, an haife ta a 1875 ta rasu a 1997 tana da shekara 122 da kwana 164. Duk ci gaban da aka samu tun daga rasuwarta babu wanda ya kamo ta. A cikin maza kuwa wani mutumin Japan ne, Jiroemon Kimura, wanda ya rasu a 2013 yana da shekara 116. Na san mai karatu zai ce ai a garinsu an yi wata tsohuwa da ta kai 140. Ba na musu da kowa, sai dai masu bincike da takardar haihuwa suke aiki, mu kuma a nan ko wasu matan da ke zuwa awo in ka tambaye su shekarunsu sai su ce shekarar da aka yi fari, ko shekarar da sarki wane ya hau.

Me ke kawo tsufa?

Ka ɗauki jikinka kamar ginin ƙasa. Kowace damina ruwa na zaizayar katanga, gara na cin azara, rufi na tsagewa, amma muddin ana yaɓe ana gyara, gidan na nan tsaye. Jiki ma haka yake, kullum cikin lalacewa yake kullum kuma cikin gyara. Tsufa shi ne lokacin da masu yaɓen da kansu suka fara gajiya, ɓarna ta fi gyara yawa.

Jikin mutum ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Da yawansu suna rabuwa gida biyu domin su maye gurbin waɗanda suka mutu, shi ya sa rauni ke warkewa, jinin da aka zubar yake dawowa. A 1961 wani masani a Amurka mai suna Leonard Hayflick ya nuna cewa in aka ɗebi waɗannan ƙwayoyi aka rene su a ɗakin gwaje-gwaje, sukan rabu kamar sau 40 zuwa 60, daga nan sai su tsaya cik, ko da kuwa an ba su duk abincin da suke buƙata. Daga baya aka gano dalili. A cikin kowace ƙwaya akwai zaren gado, wanda likitoci ke kira DNA, shi ke ɗauke da kamannin da muka gada daga iyaye. A bakin wannan zare akwai wani abu da ake kira telomiya, aikinsa kamar na kalmasar bakin zane ne da ke hana shi zarewa. Duk rabuwar da ƙwaya ta yi sai kalmasar ta ɗan ragu, in ta ƙare sai ƙwayar ta daina rabuwa.

Jin wannan sai mutum ya ce to ai an gama, a nemo abin da zai riƙa sabunta kalmasar mana. Akwai shi kuwa, wani sinadari ne mai suna telomires, masana uku da suka gano shi da yadda yake aiki har lambar yabo ta Nobel aka ba su a 2009. Matsalar ita ce wannan sinadari shi ne makamin cutar sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji ko kansa. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na sankara da shi suke amfani su yi ta hayayyafa babu tsayawa.

A nan zan ɗan tsaya in ba ku labarin wata mata, domin ya shafi ɓangaren aikina. A 1951 wata baƙar fatar Amurka mai suna Henrietta Lacks, uwar 'ya'ya biyar, ta je asibitin Johns Hopkins da sankarar bakin mahaifa. Likitoci suka yanki ɗan tsokar wurin ba tare da an nemi izininta ba, suka kai ɗakin gwaji. Ita ta rasu a wannan shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyin sankarar nan ba su mutu ba. Har yau ana renon su a ɗakunan gwaje-gwaje a faɗin duniya, da su ma aka yi amfani wajen gwada rigakafin shan inna. Wato dai an taɓa samun ƙwayoyin jikin ɗan Adam da suka ƙi tsufa, sai dai su ne suka kashe mai su. Tsayawar da ƙwayoyinmu ke yi bayan sun rabu sau hamsin ɗin nan, wani birki ne da ke tsare mu daga sankara. Duk mai son cire birkin nan sai ya fara nuna mana abin da zai sa a madadinsa.

Kuma ƙarewar kalmasa ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin tsufa. Zaren gadon kansa yana tara kurakurai. Ƙwayoyin da suka daina rabuwa ba duka ke mutuwa ba, wasu na zama a jiki suna fitar da sinadarai masu kumbura na kusa da su. Jijiyoyin jini na ƙara tauri, abin da ke sa hawan jini ya yawaita ga manya. Garkuwar jiki na raunana, ƙashi na zaizayewa, ido na yin yana. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciya kuwa akasarinsu ba sa sabuntuwa, waɗanda aka haife ka da su da su za ka ƙarasa. 'Ya mace ma da iya ƙwan da za ta yi amfani da shi ake haihuwarta, kimanin miliyan 1 zuwa 2, yana ta raguwa har al'ada ta ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55.

Tun a 1825 wani masanin lissafi a Ingila, Benjamin Gompertz, ya lura da wani tsari wanda lissafin yau ya tabbatar: daga kimanin shekara 30, haɗarin mutuwar mutum yana ninkawa kusan duk bayan shekara 8. Shi ya sa maganin cuta guda ba ya kai mu nesa. Wasu masana a Amurka sun lissafa a 1990 cewa ko da za a kawar da sankara gaba ɗaya, abin da zai ƙaru a matsakaicin shekarun mutane bai fi kamar 3 ba, domin wanda ya tsallake ta zai tarar da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa suna jiransa a gaba.

Inda bincike ya kai

Ba na so mai karatu ya ɗauka duk zancen shaci-faɗi ne. Ana aiki na gaske, ana kuma zuba dukiya. Kamfanin Google ya kafa wani reshe mai suna Calico a 2013 domin binciken tsufa, a 2022 kuma aka buɗe kamfanin Altos Labs da jarin dala biliyan 3.

A 1993 wata masaniya, Cynthia Kenyon, ta sauya ƙwayar gado guda ɗaya a jikin wata 'yar tsutsa, sai tsutsar ta ninka kwanakinta. A 2009 aka ba tsofaffin ɓeraye wani magani mai suna rafamaisin, matan suka ƙara kimanin kashi 14 cikin 100 na kwanakinsu, mazan kashi 9. Amma wannan magani ne da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda domin ya danne garkuwar jikinsu, ka ga kuwa ba abin da mai lafiya zai je kemis ya saya ba ne a ƙasar da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ke yawo.

Binciken da ya fi ba ni sha'awa shi ne na wani likitan Japan, Shinya Yamanaka. Mu da ke karɓar haihuwa kullum muna ganin wani abin mamaki wanda sabo ya sa ba ma lura da shi. Uba mai shekara 60, uwa mai 40, amma jaririn da za a miƙo mana sabo ne fil, bai gaji ko kwana ɗaya daga shekarunsu ba. Ashe akwai hanyar da halitta ke mayar da lissafin ƙwaya farko. A 2006 Yamanaka ya nuna cewa da sinadarai huɗu kacal za a iya mayar da ƙwayar fata ta koma kamar ta ɗan tayi, aka kuma ba shi lambar Nobel a 2012. Sai dai da masu bincike a Sifaniya suka kunna wannan hanya a jikin ɓeraye masu rai a 2013, ƙari ne ya yi ta fito musu a cikin jiki, domin ƙwayar da ta koma jaririya takan manta aikinta, ba ta san ko ita ta hanta ce ko ta hanji ba. Yanzu ƙoƙarin da ake yi shi ne a mayar da ita baya kaɗan a tsaya. Mai yiwuwa a samu maganin wasu cututtukan tsufa ta nan, kamar na ido. Amma tsakanin ɓeran da ke shekara 2 zuwa 3 da ɗan Adam akwai tafiya mai nisa, magunguna da yawa da suka yi aiki a jikin ɓera sun faɗi da aka zo kan mutane.

Wasu kuma suka ce a riƙa canza kayan jiki kamar na mota. An fara dashen zuciya a Afirka ta Kudu a 1967, majinyacin ya yi kwana 18. Yau mutane na shekaru masu yawa da dasasshiyar zuciya ko ƙoda, wannan babbar nasara ce. Amma ƙwaƙwalwa fa? In aka canza ta ai an canza mutumin.

Akwai masu biyan kuɗi a daskarar da gawarsu cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, da fatan wata rana a tashe su. Na farkonsu, James Bedford, tun 1967 yake ajiye a Amurka, kuma babu ko mutum ɗaya da aka taɓa tayarwa. Masu cewa za a kwafe tunanin mutum a zuba a kwamfuta su ma ga inda aka tsaya: sai a 2024 aka kammala zana taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙaramin ƙuda mai ƙwayoyi kusan 140,000, ta mutum kuwa tana da kimanin biliyan 86. Ko an kwafa ɗin ma, hotonka ba kai ba ne.

In aka tambaye ni, abin da nake gani shi ne za a iya samun magungunan da za su jinkirta wasu wahalhalun tsufa, mutum ya kai 80 ko 90 da ƙarfinsa da hankalinsa. Hana mutuwa kuwa babu wani bincike da ya nuna ko hanyarsa. A ce ma an tsayar da tsufa cik, haɗarin mota da gobara da annoba suna nan.

Masu sayar da tsawon rai

Wannan kasuwa tsohuwa ce. Sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin, Qin Shi Huang, ya tura jiragen ruwa neman maganin mutuwa, ya rasu yana da shekara 49 a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma masana tarihi da yawa na ganin ƙwayoyin zaiba da yake sha domin ya dawwama ne suka gaggauta masa. A 1889 wani shahararren likita a Faransa, Brown-Séquard, yana da shekara 72 ya yi wa kansa allurar ruwan 'ya'yan marainan karnuka ya ce ƙuruciya ta dawo masa, bayan shekara 5 ya rasu. A zamaninmu ma wani kamfani a Amurka ya riƙa sayar wa masu kuɗi ruwan jinin matasa, lita ɗaya dala 8,000, har sai da hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a 2019 cewa babu hujjar yana da amfani, ga kuma haɗari.

Ko ƙwayoyin bitamin da ake ganin ba sa cutarwa, ba a sha barkatai. A wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Finlan aka fitar da sakamakonsa a 1994, an ba mashaya sigari sinadarin bita-karotin da zaton zai kare su, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100.

A nan gida kuwa kun san su, a tasha da bakin kasuwa da lasifika, yanzu kuma a waya. Kwalba ɗaya wai tana wanke jini, ta warkar da suga da hawan jini, ta mayar da tsohuwa yarinya. Duk maganin da aka ce yana warkar da komai, ka riƙe kuɗinka. Wasu irin waɗannan haɗe-haɗe ana zuba musu magungunan asibiti masu ƙarfi a ɓoye, mutum ya ji garau na 'yan makonni, fuska ta ciko ya ɗauka ƙiba ce, alhali suga na hawa, ƙoda na lalacewa. Ciwon ƙoda kuma ba ya sallama, sau da yawa sai ya yi nisa ake ganewa, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda ya san abin da ake kashewa a mako.

Shekarun da ke hannunmu

A 2023 matsakaicin shekarun ɗan Najeriya bai wuce 54 zuwa 55 ba, na mutumin Japan kuwa kimanin 84. Wannan tazara ta shekara 30 ba wani sabon bincike take jira ba, abubuwan da za su cike ta an san su tun tuni. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara 5, sannan cikin haihuwa 100,000 mata 512 ke rasa ransu. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, ƙyanda, gudawa, zazzaɓin cizon sauro, duk muna da maganinsu ko rigakafinsu in an zo da wuri.

'Yar uwa mai juna biyu, ki fara zuwa awo tun cikin bai wuce wata uku ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. In kin ga kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko jini komai ƙanƙantarsa, kada ki jira gari ya waye. Maigida kuma ka bar izini da kuɗin mota a gida tun kafin ranar, domin mata da yawa jiran dawowarka ne ke cinye musu lokaci. A kammala wa yaro rigakafinsa har zuwa na ƙyanda, a kwana cikin gidan sauro. Sankarar bakin mahaifa da ta kashe matar da na ba ku labarinta yanzu tana da rigakafi, tun watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Najeriya. Matan aure kuma su zo a duba bakin mahaifa, gwajin ba ya ɗaukar lokaci.

Ga manya, a riƙa auna jini ko ba a jin ciwon komai. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a awo fiye da ɗaya, a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, sauƙin nan aikin maganin ne. Gishirin da mutum zai ci a yini kada ya wuce giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a tuna kuma dunƙulen magi ma gishiri ne. A taka da ƙafa kamar minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Mai shan sigari kuwa, binciken da aka shekara 50 ana yi a kan likitocin Ingila ya nuna cewa yana rage wa kansa kimanin shekara 10, amma in ya daina yana da shekara 40 zai ceto kusan 9 daga ciki, ko a 60 ya daina zai ceto kamar 3. Babu wata kwalba a kasuwa da aka taɓa nuna ta ba mutum ko rabin wannan.

Wanda ya riga ya sayi irin waɗancan magunguna yana sha, kada kunya ta hana shi faɗa. Ranar da za ka zo ganin likita ka haɗo duk abin da kake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da kwalbar da ta ƙare, ka nuna wa likita ko nas ɗin da ke kan aiki. Wasu magungunan ba sa jituwa da juna, kuma sai mun ga abin da kake sha za mu san ko akwai buƙatar a duba ƙodarka da hantarka.